Yadda Ake Fita Lafiya Daga Gidan Abincin Arewacin Sin

Gidan abincin gargajiya na arewacin ƙasar Sin gidan alkama ne. Daga tsaunukan Qinling da kogin Huai zuwa arewa ruwan sama bai kai na kudu ba, hunturu kuma da tsanani, don haka taliya da turararren burodi da ake kira mantou da jiaozi, wato ƙullin fulawa mai nama a ciki, su ke riƙe da cikin jama'a. Ɗan kasuwar da ya saba da Guangzhou, ya zauna a Beijing yana jiran shinkafa da miya, zai sha jira. Shinkafar in ma ta zo, a ƙarshe take zuwa cikin ɗan mitsitsin kwano, bayan ciki ya riga ya ɗauka.

Mataki na farko a bakin ƙofa yake. Musulmi ya nemi alamar qingzhen, wato halal, wadda galibi ke kan koren allo. Irin waɗannan gidaje na 'yan ƙabilar Hui sun cika unguwar Niujie ta Beijing, inda masallaci yake tun shekarar 996, kuma shahararren gidan naman rago na Donglaishun tun 1903 yake aiki. A gidan da babu alamar, kalmar rou, wato nama, idan ba a ambaci dabbar ba, alade ake nufi.

Na biyu kujera ce. Wadda ke fuskantar ƙofa ta babba ce, baƙo ya tsaya sai an nuna masa tasa.

Daga nan sai ruwa, kuma a nan wahala take. Mutum ya shigo da ƙishi, ya nemi ruwa, sai a dire masa kofi yana tururi. Ba shayi ba ne, ruwa ne zalla, tafasasshe. Ya ce mai sanyi yake so, ma'aikaciyar ta dube shi da tausayi kamar wanda ya nemi guba, domin a maganin gargajiyar Sinawa sanyi yana ɓata ciki, ballantana a kan maiko. Ya ajiye kofin ya huce, da ya kusa shayuwa sai a zo da buta a cika shi, ya koma jiya i yau. A watan Yuli, lokacin da Beijing ke zafi har gumi na tsiyaya, haka ake yi. Bayan barkono ya kama harshe, haka ake yi. Wanda ya taso yana shan ruwan randa, ya san daɗin sanyinsa a maƙogwaro, shi ya san girman wannan rashi. Dabarar ɗaya ce: a sayi ruwan gora a kanti tun a hanya, a kuma shirya amsa tambayar mai masauki ko ba a da lafiya ne.

Na uku, ko na huɗu, teburi mai juyawa. Ƙa'ida ita ce ba a juya gilashin yayin da wani ke ɗiba, amma a teburin mutum goma kullum akwai mai ɗiba, akwai kuma mai gaggawa. Baƙo ya daidaita sandunan cin abinci a yatsunsa da ƙyar, ya miƙa hannu, sai ya tarar agwagwar da yake hari ta kai wancan ɓangaren, abin da ke gabansa ɗanyar tafarnuwa ce. Jiaozi kuwa santsi gare shi. Ya kuɓuce ya faɗa cikin baƙin ruwan khal na Shanxi, farar riga ta karɓi rabonta. Kada a soka sandunan a tsaye cikin shinkafa, turaren da ake kunna wa mamata yake tuna wa Sinawa. Naman ragon da ake tsomawa a tukunyar tagulla mai gawayi siriri ne kamar takarda, daƙiƙu kaɗan yake buƙata kafin a dangwala shi a miyar riɗi. Wanda ya sake shi ya ɓace a romo, maƙwabcinsa ne zai tsinta.

Mai masauki shi ne babban aiki. Faranti ya ragu ya ƙara, an ce an ƙoshi ya kira wani kwano, musamman in ɗan arewa maso gabas ne, inda kwano guda kan ciyar da mutum uku. Tun 2013 ake yekuwar cinye abin da ke faranti, a 2021 aka kafa dokar hana almubazzaranci da abinci, amma karamci bai ji kira ba. In an ɗaga kofin baijiu, giyar dawa da ƙarfinta kan kai kashi 56 cikin ɗari, wanda ba ya sha ya faɗa tun farko, ya ɗaga kofin shayi, al'ada ta yarda da haka.

Biyan kuɗi kokawa ce ta gaske, da ture hannu da ɗaga murya. Baƙo ya miƙe ya nuna niyya sau biyu ko uku, ko da yake mai masauki ya riga ya zame da sunan kewayawa ya biya ta manhajar WeChat ko Alipay. Ba a ba ma'aikata tukuici. Abin da ya rage a ce dabao, a ƙunsa shi a tafi da shi gida.