Filafilin Gwallaga

Ranar Talatar nan, ina fitowa daga sallar Magariba a masallacin Gwallaga, ina laluben takalmina cikin tulin na jama'a, sai na ji an ce, "Kawu, barka da yamma." Samari biyu ne, sun durƙusa har ƙasa. Duk wanda ya kai shekaruna a garin Bauchi ya san in saurayin zamanin nan ya durƙusa maka har gwiwarsa ta taɓa ƙasa, to aljihunka yake gaisarwa. Ɗaya ya zaro farar ambulan daga cikin fayil ya miƙo da hannu biyu. Wai bayan dogon nazari da tuntuɓar masu ruwa da tsaki, an duba unguwar nan kaf ba a ga wanda ya cancanta ba sai ni, don haka an naɗa ni uban ƙungiya. Na ce madalla, wace ƙungiya ce? Suka haɗa baki suka ce ta masu sha'awar tuƙa kwale-kwale.

Na waiga gabas, na waiga yamma. Kwalta ce, sai keke napep, sai mai shayi, sai hayaƙin mai tsire. Na ce, "Samari, ina ruwan yake?" Mai riƙe da fayil ya ce, "Ai Kawu ana kan magana."

Da wa ake maganar, Allah masani. Bauchi dai garin duwatsu ne, ga Dutsen Tanshi ga Warinje, ba wanda ya taɓa kwana da fargabar kada a nan. Ruwan kirki mafi kusa da mu shi ne dam ɗin Gubi, can ta hanyar Ningi, kuma akasarinmu ta bakin famfo muke gaisawa da shi. Kogin Dindima kuwa ta tagar mota muka san shi, a hanyar Gombe, lokacin da ake cinikin soyayyen kifi direba yana ta danna ham. Tafkin Maladumba yana Misau, sai a labari. In mutumin Bauchi ya yi niyyar ganin ruwa da gaske sai ya tafi Yankari, ya isa bakin Wikki, ya naɗe wando zuwa gwiwa, ya tsoma ƙafa ɗaya, a ɗauke shi hoto, ya dawo gida ya shekara yana ba da labari.

Na ja su bencin mai shayi, na sa tabarau, na buɗe takardar. Gefenta na hagu daga sama har ƙasa muƙamai ne. Shugaba, mataimaki na ɗaya, mataimaki na biyu, sakatare, sakataren kuɗi, sakataren tsare-tsare, ma'aji, mai binciken kuɗi da mai binciken mai binciken, jami'in walwala, mai ladabtarwa, shugabar mata, Sarkin Ruwa, da sauransu. Na ƙirga muƙami 23. Na tambayi yawan 'yan ƙungiya, suka ce 25 ne, amma biyun da suka rage an kafa kwamitin da zai samo musu abin riƙewa. Wannan bai ba ni mamaki ba, mu ne fa. Abin da ya sa na ajiye kofin shayi shi ne layi biyu na can ƙasa: Ma'ajin Filafili, da Mataimakin Ma'ajin Filafili.

Ashe jirgi ne babu, amma akwai filafili. Guda ɗaya.

Wani direban hanyar Gombe aka ba sautu ya sayo shi a hannun wani masunci a Dindima. Masuncin, in ji su, sai da ya tambaya sau biyu ko an tabbata ɗaya ake so. Ranar da filafilin ya iso an tarye shi a tasha da babura. Aka kai shi wurin kafinta ya goge shi, ya shafe shi da man ƙyalli, mai fenti ya rubuta sunan shugaba a gefe ɗaya, taken ƙungiya a ɗaya gefen. Tela ya ɗinka masa riga ta shadda mai zif, da aiki a wuya. Aka ɗaura masa kintinkiri kore da fari. An yi walima.

Tun daga ranar bai huta ba. In ɗan ƙungiya zai yi aure, filafili ne a gaban ayarin abokan ango, a ɗaga shi a kan ango a ɗauki hoto. In suna ne, ana jingine shi kusa da ragon. Ya je Yalwa, ya je Fadamar Mada, ya ratsa kasuwar Wunti da ta Muda Lawal, ya shiga filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa ranar da Wikki Tourists ke wasa, inda masu tsaron ƙofa suka ce makami ne, sai da sakatare ya nuna rasit. Sau ɗaya an kai shi ta'aziyya, wani dattijo ya kore su da carbi. Yana da littafin shige da fice: wa ya ɗauka, ƙarfe nawa, da wace lafiya ya dawo. A keke napep kujerar gaba ake biya masa, kusa da direba. Akwai mutane a unguwar nan da ba su samu irin wannan gatan daga 'ya'yan cikinsu ba.

Na ce to, yaushe ya shiga ruwa? Suka dubi juna. Mai fayil ya buɗe kundin tsarin mulki, shafi 40 cif, ya nuna mini sashen da ya haramta jiƙa filafili, saboda ruwa yana ɓata man ƙyallin. Tarar wanda ya jiƙa shi naira 5,000 ce. An taɓa cin ma'ajin filafilin kansa tara a daminar bara, da rufin ɗakinsa ya yi yoyo. Ya ɗaukaka ƙara, ya ce ruwan sama daga Allah ne, kwamitin ladabtarwa ya zauna ya rage masa rabi.

Babbar fitinar kuwa a bayan ƙaramar Salla ta auku. Ana bikin ƙanwar matar ma'aji, an ɗora tukunyar ƙarfe mai cin rabin buhu, muciya ta karye ana tsakiyar talge. Baiwar Allah ta shiga ɗaki, ta zuge zif, ta fito da dukiyar ƙungiya. Waɗanda suka ci tuwon sun ce ba su taɓa cin mai laushinsa ba, sai dai ɗan ƙamshin fenti. Kwamitin bincike ya yi zama huɗu, kowane zama da lemo da cincin. Ni dai a nawa ganin lambar yabo ta kamace ta, don duk faɗin ƙungiyar ita kaɗai ce ta taɓa yin tuƙi da shi.

Sakatare mutum ne mai karatu, ya sa tarihi a gabatarwar kundin. Ya kawo cewa tun 1829 jami'o'in Oxford da Cambridge ke tseren jirgi a Ingila, kuma Turawa sun kafa kulob ɗin jiragen shaƙatawa a Legas tun 1932, to me zai hana Gwallaga? Gaskiyarsa. Abu ɗaya ya manta: waɗancan sai da suka ga ruwa, suka samu jirgi, sannan suka nemi sakatare.

Ba ma sai an je Ingila ba. A Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934 har UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2016, Sarkin Ruwa ba sunan ado ba ne. Ba a faɗa wa kogin Matan Fada sai da izininsa. A wasannin kabanci ana tseren kwale-kwale, ana nutso, ana kamun agwagwar ruwa da hannu, yaran Sarkawa kan koyi iyo kusan tare da tafiya. A Yawuri ana Rigata, jirage su yi jerin gwano a kan kogin Kwara, matuƙa na buga filafili a tare ruwa na tashi. Namu Sarkin Ruwan na san shi, mai sayar da gilashin waya ne. Da hunturu sai an dafa masa ruwan alwala. Amma sai da aka yi zaɓe mai zafi kafin ya hau, aka yi zargin sayen ƙuri'a da katin waya, wanda ya faɗi ya ɓalle da mutum tara suka kafa tasu, suka ƙara kalmar "ta asali" a gaban sunan. Yanzu ƙungiya biyu ce, filafili ɗaya. Magana ta kai gaban dattawan unguwa. Wani ya ba da shawarar a kira mai zarto a raba, sai aka rasa wanda zai yarda ya karɓi ɓangaren mariƙi. A halin yanzu kwana ake raba masa, biyu nan biyu can.

Har nan dariya nake. Da na juya shafi na biyu ne shayin ya fita raina. Kasafin bikin ƙaddamar da kalanda ne, wanda ake sa ran uban ƙungiya zai "duba da idon rahama". Anko, hula da tambari, rumfa, kujeru, lasifika, mai hoto, mai gabatarwa, shinkafa a roba, lambobin yabo 15 na manyan baƙin da ake fatan za su yi alkawarin kuɗi a lasifika su kashe waya washegari. Na bi layi-layi da yatsa. Babu rigar ruwa ko ɗaya. Babu ko sisin wanda zai koya wa yaro iyo.

A nan ne abin ya daina ba ni dariya, don mu mutanen Arewa ruwa ba abokin wasanmu ba ne. A watan Mayun 2021 jirgi ya nutse a Warra, ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi, ɗauke da mutum fiye da 150, kaɗan ne suka fita da rai. Ranar 30 ga Nuwamban 2021 wani ya kife a dam ɗin Watari, tsakanin Badau da Bagwai a jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya masu tafiya Mauludi. Kowace damina sai an ji irinsa: lodi ya wuce kima, jirgi ya tsufa, tafiyar dare, ba rigar kariya. Mu yi salati, mu tura hoto, mu ce kwana ne ya ƙare. A cikin garin nan ma, ramukan da masu bulo da masu haƙar ƙasa ke bari suna cika da ruwa, yara suna faɗawa wanka ba mai kallonsu. Samari 25 masu jini a jika, masu iya tara kuɗin shadda cikin mako guda, da za su sayi rigunan ruwa goma su kai wa masu fito a mashigi ɗaya, da ni zan bi su da ambulan. Amma ina! Rigar ruwa ba ta kyau a kalanda, ba ta karɓar guga, ba a yi mata aiki a wuya. Mun fi son muƙami da aikin muƙamin. Kuma kada manya su yi dariya, a wurinmu suka gani. Nawa ne cikinmu ke da katin ƙungiyar manoma alhali ko tukunyar fure ba mu taɓa shukawa ba?

In ma sarautar ruwa ake nema wa mai ita a Gwallaga, ai ga shi nan kullum yana wucewa ta ƙofar gidana: ɗan garuwa. Shi ne mai iko da ruwa a unguwar nan, shi ke cewa a yi wanka ko a fasa. Da can shi ke bin layi yana kiran mai saye. Yanzu ya yi waya, kuma ba ya ɗauka. Sai ka tsaya bakin titi da jallabiya kana ɗaga masa hannu, ya wuce da kurarsa ya ce, "Na Alhaji ne." Duk ruwan garin nan na Alhaji ne. Wane Alhajin, ba ya faɗa. In ka ce za ka ƙara masa wani abu, nan take sai Alhaji ya yi tafiya.

Kuɗin jarka kuwa ba ya sauka. In man fetur ya tashi ya ƙara, ya ce mai bohol ya ƙara. In wuta ta samu, mai bohol bai tada janareto ba, sai ya ce ai tayar kura ta yi tsada. Da damina ya ce taɓo, da rani ya ce layi, da azumi ya ce ƙishi. Duk na haƙura da wannan, neman halak yake, kuma tura jarka goma sha biyu a rana tsaka ba aikin rago ba ne. Abin da ba zan haƙura da shi ba shi ne jarkar nan guda ɗaya. Ku ma kun san ta, kowace kura tana da irinta. Rawaya ce, tsohuwar jarkar man gyaɗa, ta loɓa a ciki har gefe ya kusa taɓa gefe, an toshe bakinta da leda, an ɗaure gindinta da roba. Da ido ka san ba ta cin rabin 'yan uwanta. Amma kuɗinta ɗaya da su. Kuma ko ta ina ya fara saukewa, ko daga gaba ko daga baya, sai ta faɗo a kason gidana. Na taɓa tsayawa na nuna lafiyayyu da yatsa, na ce wannan da wannan. Na shiga ɗauko kuɗi, kafin in fito ya juye, ga ta nan a hannunsa tana ɗiga.

Na yi masa magana, ya ce, "Baba, ai lita 25 ce, ga shi a rubuce a jikinta." Na ce an rubuta ne tun tana budurwa. Ya ce shi dai kamfani ya sani. Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, don Allah ka bar shi, in ya yi fushi kai za ka je ɗibar?" Wato har a cikin gidana yana da ɓangare.

Na riga na ari mudun awo a wurin mai shagon layinmu. Gobe da sassafe a gaban shaidu za a yi ta, in ya ɗauki waya.