Kaka Bai Yi Haki Ba, Sai Kuka Ce Ƙarfi Ne

Ku matso kusa, 'yan gardama, ku da ko an ce rana ta fito sai kun leƙa waje. Cewa na yi tsufa yana rage wa jiki saurin jin iskar kabon dayoksaid, wadda muke fitarwa in mun yi numfashi. Na ga wani can baya ya taɓe baki, wai shi oksijin yake shaƙa, ina ruwansa da iskar da ya riga ya zubar?

To Malam, toshe hancinka ka rufe baki. Wannan ƙuncin da zai sa ka saki ba shiri, ba ƙarewar oksijin ba ce, da sauranta a jininka. Kabon dayoksaid ce ta taru, jini ya fara tsami, gindin ƙwaƙwalwa ya ji, ya umarci ƙirji ya motsa. Tun 1905 masana Haldane da Priestley suka nuna a Birtaniya cewa kabon dayoksaid ce ke sarrafa numfashi. Akwai kuma 'yan ƙananan gaɓoɓi a gefen wuya, inda babbar jijiyar jini ta rabu biyu, su ma suna ɗanɗana jinin suna kai rahoto. Binciken aikinsu ne ya sa aka ba Corneille Heymans na Beljiyam kyautar Nobel ta 1938. Kai da ko kyautar zuwa makaranta da wuri ba ka taɓa ci ba, da shi za ka ja?

Wannan tsari maigadi ne a jikinka, ba ya barci ko kai ka yi. Matsalar ita ce shi ma yana tsufa, kunnensa yana nauyi. A 1973 Kronenberg da Drage a Amurka suka gwada samari masu shekara 22 zuwa 30 da dattawa lafiyayyu masu 64 zuwa 73. Da aka ƙara musu kabon dayoksaid, ƙaruwar numfashin dattawan ta gaza ta samarin da wajen kashi 40 cikin 100. Da aka rage oksijin, gibin ya kai kusan rabi.

"Ai ƙirjin tsoho ne ya ƙage, shi ya sa." Madalla, yau ka kawo gardama mai ma'ana, Allah ya ƙara basira. Lalle haƙarƙari yana taurin kai da shekaru. Amma a 1981 Peterson da abokan aikinsa suka auna ƙarfin umarnin da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa zuwa tsokar numfashi, suka tarar shi kansa ya ragu. Koma ka zauna.

Samari, ku daina dariya, ku ma an taɓa goya ku. Jaririn da aka haifa bakwaini bai gama haɗa wannan tsarin ba, yakan tsaya da numfashi har daƙiƙa 20 ko fiye. Kun san maganin da likitoci ke ba shi? Kafeyin, sinadarin nan na cikin goro da kofi, a awon da aka ƙididdige a asibiti. Hajiya Kaka, mayar da goronki cikin ɗaurin zane, ba ke aka aika ba.

Saura ku, kakannina, masu bugun ƙirji cewa ku tuwon dawa ya raina, mu kuwa taliya. Kun ce ba kwa haki. Wani lokaci ƙarfi ne, ban musa ba. Wani lokaci kuwa jikin ne bai kai ƙara ba. Shi ya sa ciwon huhu kan kama tsoho ba tare da ya yi kukan numfashi ba, sai dai a ga ya rikice, yana yawan gyangyaɗi, ya ƙi abinci, a ce ai tsufa ne. Shi ya sa kuma kodin, taramadol da maganin barci, waɗanda ke danne numfashi, suka fi haɗari ga dattijo. Abin da jika ya sha ya tashi, kaka na iya sha a sha wahalar tashinsa.

Saboda haka in Baba ya ce "lafiyata ƙalau" alhali ya fara kiran ka da sunan ƙanensa, kada ka tsaya jiran haki. Ɗauko masa hularsa ku tafi asibiti. Zai zage ka a hanya, ka ce na gode.