Da Gaggawata Aka Ci Daura

Kowace majalisar 'yan dara tana da mutum guda da ake gudun karawa da shi, kuma ba gwanin ba ne. Mai nawar nan ne da zai ɗaga tsinke ya riƙe, ya dubi gurbi, ya dubi sama, ya tambayi yadda aka sayar da gero a kasuwar Mai'aduwa, sannan ya mayar da tsinken inda ya ɗauko. Shi da sauƙi ma, don dattawa sun san maganinsa. A yi ta yi masa shaƙiyanci, a tambaye shi ko a aika gida a kawo masa tabarma da matashi, har kunya ta sa ya saka. Ni kuwa abokiyar karawata ba ta jin shaƙiyanci, ba ta da abokin wasa, ba ta san kunya ba. Kwamfuta ce.

Wasan sunansa Civilization V, ya fito a 2010, jika ne ga wanda Sid Meier ya ƙirƙiro a 1991. Ana ba ka 'yan mutane da fili tun shekara 4000 kafin haihuwar Annabi Isa, ka kafa gari, ka yi noma, ka yi ciniki da yaƙi, har zuwa 2050 idan ka kai. Juyi 500 ke nan. Ka yi naka, ka danna, sauran sarakunan da kwamfuta ke riƙe da su su yi nasu, sannan a dawo kanka. Babu Hausawa a jerin daulolin, don haka na ɗauki Songhai ta Askiya. Da yake wasan ya yarda mutum ya sauya sunan birni, ban yi wata-wata ba na goge Gao na rubuta Daura. Garuruwan da suka biyo baya na raɗa masu Zango, Baure, Sandamu da Mai'aduwa. Masarauta ta haɗu, ni ne sarki, ni ne Galadima, ni ne mai shara.

Da aka tambaye ni girman duniyar da nake so, sai na ce a ba ni mafi girma: dauloli 12 da ƙananan birane masu cin gashin kansu 24. Mutumin da kwamfutarsa ta gwanjo ce, wadda wani Bature ya gama shan romonta kafin ta tsallako teku, shi ne ya zaɓi wannan. Ai sarkin Daura ba ya mulkin rabin duniya.

Da farko lafiya lau. Kowa na da gari guda da 'yar sanda a hannu, ka danna, kafin ka ƙifta ido an dawo kanka. Sai da aka shigo zamanin bindiga da jirgin ƙasa sannan abin ya canza. In danna, rubutu ya fito a kusurwa cewa in dakata, ƙaramar fankar da ke cikin kwamfutar ta kama kuka, ni kuma in zauna. Na koyi yin alwala a tsakanin juyi da juyi. Na koyi zuwa bakin titi sayo ƙosai in dawo in tarar Sarauniyar Ingila ba ta gama jera jiragen ruwanta ba. Kakanninmu dai macijin rijiyar Kusugu ranar Juma'a kaɗai yake barin su ɗebi ruwa, to ni ma haka na koma, ina tsaye da guga ina jiran a ba ni rana, ga shi babu Bayajidda a kusa.

Uwargida ce ta fara lura. Ta leƙo ta gan ni na harɗe hannu ina kallon allo, babu abin da ke motsi, ta ce, "Maigida, wai aiki kake ko wasa?" Na ce wasa. Ta ce, "To ai ban ga kana yi ba." Na ce ba layina ba ne. Ta ɗan tsaya, ta ce ko a gidan mai lokacin wahalar fetur layi na tafiya fiye da haka, ta saki labule.

Daga nan na shiga neman magani. Wani ya ce min zafi ne, kuma ya yi gaskiya: ƙwaƙwalwar kwamfuta idan ta ɗau zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, ga shi watan Afrilu a Daura ma'auni na haura 40. Sai na sayo ƙanƙara a leda, na shimfiɗa tawul, na ɗora kwamfutar a kai. Ta ɗan yi sauri kam, har na fara tunanin rubuta wa jami'ar sufuri ta garinmu takarda kan abin da na gano. Ledar ce ta huje. Ruwan ya bi ta ƙarƙashin tabarma ya jiƙa takardun makarantar yara, aka yi shari'ar da ba ni na ci ba.

Wani kuma ya ce ƙurar hunturu ce ta toshe hancin. Wannan ma gaskiya ne. Inda na kauce shi ne wurin da na kai ta a fyace. Wajen mai faci na je. Ya karɓe ta da hannu biyu cikin girmamawa, ya juya ta, ya saita bakin tiyon da yake hura tayar babbar mota a ramukan gefe. Ƙura ta tashi ja wur har masu jiran faci suka ja da baya, fankar ciki ta yi wani fito da ban taɓa ji ba. Ya miƙo min ya ce, "Alhaji, ba ta yoyo." Tun ranar fankar take kuka da murya biyu. Na kuma ƙara mata ma'adanar wucin gadi da kuɗin da aka ware na ɗinkin Sallar Gani. Wasan ya riƙa buɗewa da wuri, amma sarakuna na nan da nawarsu.

Ɗan yayata, ɗalibi a kwalejin fasaha ta tarayya da ke nan Daura, shi ya zo gaishe ni ya tarar da ni ina yi wa kwamfuta fifita da maficin kaba. Ya durƙusa ya gaida ni yadda ya kamata, sannan ya ce, "Kawu, don Allah matsa in gani." Ya yi min bayani a hankali, irin wanda ake yi wa tsoho a asibiti. Kowane soja, kowane ma'aikaci, kowane jirgi na dauloli 11 ɗin nan sai kwamfuta ta lissafa masa hanya gida-gida a kan taswira, kowane birni sai ta yanke abin da zai gina, kuma ɗaya bayan ɗaya take bi. Ƙari a kan haka, na bar ta tana nuna min hoton kowane taku da kowane sara. Ya shiga saituna ya kunna gaggauta tafiya da gaggauta faɗa, ya mayar da taswirar shimfiɗaɗɗiya marar ado, ya rufe tarkacen manhajojin da ke buɗe a baya. Ya ce in ina son sauƙi na gaske in sake sabon wasa a ƙaramar duniya mai dauloli 6. Na ce sarki ba ya rage ƙasarsa. Ya kuma gaya min sabon fitowar wasan na 2025 ya sako Amina ta Zazzau cikin shugabanni, amma kada ma in sa rai, kwamfutata ko gaisawa da shi ba za ta iya ba.

Gyaransa ya ci. Jiran ya ragu sosai, har ƙosai ya gagare ni zuwa saye. Sai daɗi ya ɗebe ni, na kama dannawa ba ji ba gani. Ashe a cikin dogon zaman nan ne nake zagaya iyakokina da ido, in ga wa ke tara mayaƙa, in gyara ganuwa. Yanzu da aka daina nuna min tafiyar kowa, ban ga lokacin da Shaka na Zulu, wanda tun zamanin mashi muke gaisawa da shi, ya jero runduna a bayan Baure ba. Baure ta tafi kafin la'asar. Sandamu ta bi ta. Na aika masa zinariya da dawakai ina neman sulhu, ya ƙi. Ana kiran magariba babban birni ya faɗi, kuma saboda gaggauta faɗa da aka kunna, ko kallon yaƙin ban samu yi ba, launin garin kawai na ga ya sauya.

Yaron nan, maimakon ya rufa min asiri, sai ya fita tsakar gida yana dariya yana cewa, "Kawu ya bari an ci Daura!" Hajiyar gidanmu tana kan dardumarta tana lazimi. Ta saki carbi ta ce, "Innalillahi! Su wa?" Ya ce Zulu. Ta ce a kira mata ƙanenta da ke Kwangwalam a ji ko ta can suka shigo, a kuma shigo da awaki.