Ƙwaryar da Ba a Ɗauraye Ba

In ka miƙa wa mai nono ƙwarya ba ka ɗauraye ba, kai ka san abin da za ka sha. Haka harshen rubuta manhaja na C yake: ka ware gurbi a ƙwaƙwalwar kwamfuta, ba ka zuba komai ba, ka kai baki, sai ka kurɓi guntun furar wani.

Tafintan da ke juya rubutunka zuwa yaren na'ura, wato GCC, yakan yi gargaɗi, amma halinsa na dattijon da ke gyangyaɗi a gindin dogonyaro ne. Ka bar shi a natse, sau da yawa ko tari ba zai yi ba. Ka kunna gargaɗinsa, ka ce masa -O2, ya sa shirin ya yi gudu, sai ya wartsake ya leƙa kowace ƙwarya, har wadda ka wanke tas ya ce bai yarda ba.

A 2006 masu kula da tsarin kwamfuta na Debian suka gaji da irin wannan mita daga manhajar binciken kurakurai ta Valgrind, suka toshe layi biyu a OpenSSL, manhajar da ke ƙera makullan sirri. Shiru ya samu. Sai a 2008 aka gano cewa saboda toshewar nan, makullan sirrin kowane nau'i ba su wuce dubu 32 da 'yan kai ba, ɓarawo mai haƙuri zai gwada su duka.