Ciyawar da Akuya ta Ƙi Ci

Ranar Talata da la'asar taubashina ya bugo mini waya, muryarsa har rawa take don murna, ya ce ya gyara bayan gidansa, in zo mu sha shayi a ciki. Na yi shiru. Na ce, "Kai, a bayan gidan za mu sha shayin?" Ya ce in daina ƙauyanci, gadin yake nufi. Na ce to Alhamdu lillahi, ashe aiki ya samu, na dare ne ko na rana? Sai da ya yi tsaki ya kashe wayar sannan na gane lambu yake nufi, irin wanda ake gani a Instagram.

Na tafi, don ina da tsohuwar amana a gidan. Akwai wata darbejiya a kusurwar yamma wadda ta girmi gidan, ta girmi unguwar, lokacin da ya sayi filin ita kaɗai ce shaidar da dillali ya nuna masa. Filin kuwa fuloti ne na ƙafa 50 da 100 da aka tsaga biyu, shi ya samu 50 da 50, ya zuba ɗakuna huɗu da falo biyu, kowane ɗaki da banɗakinsa, abin da ya rage na sararin Allah bai fi taku huɗu ba. A taku huɗun nan tankin ruwa yake, da ɗakin janareta, da murfin sokawe, da darbejiyar. A gindinta muke shimfiɗa tabarma duk Sallah.

Ina shiga na ga rana ƙuru-ƙuru. Babu darbejiya, ko kututturenta babu. An bi ƙasa da intalok bango zuwa bango, an kafa wata rumfar kwano mai fenti ruwan gwal, an jera kujeru huɗu da ledarsu ba a ɓare ba, a tsakiya kuma an lulluɓe wani abu da tampol kamar gawa. Taubashi ya yi gyaran murya, ya kama gefen tampol ya yaye.

Ciyawa ce. Koriya shar, a watan Afrilu, a Kano. Ta roba.

Na ɗaga ƙafa zan taka, ya riƙo hannuna. A cire takalmi. Na cire, na taka, na yi tsalle na koma kan takalmina ina salati, domin zafin da ke cikin ciyawar nan zai soya ƙwai. Ya ce laifinsa ne, yau ba a ba ta ruwa ba. Ya ƙwalla wa yaro kira, aka kinkimo jarka, aka kwarara. Jarkar nan ta mai garuwa ce, da kuɗi aka saya, tun da famfon unguwar ya manta aikinsa tun kafin a haifi yaron. Jarka uku take sha a rana. Darbejiyar da ta yi shekaru tana ba da inuwa ba ta taɓa roƙon ko moɗa ɗaya ba, an sare ta don tana zubar da ganye. An kawo wadda ba ta da rai, ba ta da saiwa, ba ta jin ƙishirwa, ana shayar da ita safe da rana da yamma kamar mai jego.

Hidimarta ba ta tsaya a ruwa ba. Da safe almajirin gidan yana share ta da tsintsiyar laushi, ta musamman, wadda ba a yarda ta taɓa ɗaki ba. Ranar Juma'a ana wanke ta da Omo. In ta bushe a taje ta da buroshi don gashinta ya miƙe, a cewarsa in ba a taje ba kwanciya take. Da hantsi a rufe ta da tampol kada rana ta kashe mata launi, da hunturu a rufe kada ƙura ta shiga, da damina a nannaɗe a kai sito kada ta yi wari. Na ƙirga, a shekara ciyawar nan ba za ta ga sararin sama ba sai ranar da aka yi baƙo. Amaryar kulle ma ana barinta ta je gaisuwar mutuwa.

Yara ba sa takawa. Uwargida ba ta takawa. Kaza ɗaya ta taɓa gwada tono, washegari aka ci ta da shinkafa. Shi kansa maigidan gefe yake bi, yana raɓa bango kamar mai bashi. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne akuyar maƙwabta da ta faɗo gidan ran nan tampol na buɗe: ta zo, ta sunsuna, ta ɗaga kai ta dube shi, ta juya ta fita ta ci kwalin taliya a bakin kwata. Akuyar birni ce fa, wadda take cin leda, take cin takardar jarrabawa, take cin fastar 'yan siyasa tun tana manne da bango. Ita ce ta ga ciyawar taubashina ta ce a'a, ita ma tana da mutunci.

Ragon layya kuwa tuni an yanke masa hukunci, bana a titi zai kwana, an ɗauki mai gadi. Ga gadin na gaskiya ya samu.

Na ba shi shawara ya nemi kwangila. Tun 2007 Tarayyar Afirka take fama da shirin ganuwar itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti, tafiyar kilomita kusan 8,000, ana dashe, fari na kashewa, awaki na cinyewa. Ina amfanin wahala? A ba taubashina, ya shiga kasuwa ya auno da mita, a warware daga Dakar a yi gabas. Ba mai ci, ba mai bushewa. Matsalar kawai tampol ɗin da zai rufe ta da adadin 'yan garuwa.

Bai yi dariya ba. Ya ce abu ɗaya ne ya rage masa a rai, da filin ya kai, da ya haƙa wurin ninƙaya. Har haƙuri ya ba ni, wai in yi manejin lambun a haka. Mutumin da ke sayen ruwan alwala. Na tuna masa ai garin nan cike yake da wuraren ninƙaya kyauta, kududdufan da kakanni suka haƙa suna ɗiban ƙasar gini, su ne ke shanye ruwan damina. Mu muka cike su da bola, muka yanka, muka sayar, muka gina. Ya yi haƙuri zuwa Agusta. Tun da ya toshe kowane taku na gidansa da siminti, maƙwabcinsa ma haka, na gaba ma haka, kowa ya saka bututu ya turo wa titi, ruwan zai rasa inda zai shiga ya dawo neman gidan ubansa. Ran nan zai samu wurin ninƙaya har cikin falo, da kujerun a ciki.

A nan ne raha ta fara ƙare mini, domin na hango matarsa ta taga tana shanya kayan yara a jikin ƙarfen tagar kicin. Na ce, "Hajiya, ina igiyar shanyar?" Ta ce, "Wallahi Yaya, an ce tana ɓata tsari." Turmi an kai gidan tsohuwa. Murhun da ake ɗora tukunyar taro an rushe. Wanki a banɗaki ake yi a tsugune. Tsakar gida dai ta mata ce tun fil azal, a nan ake daka, a nan ake kitso, a nan ake tsince shinkafa ana hira, a nan yaro ke koyon tafiya ya faɗi a kan ƙasa ya tashi. An ƙwace, ba a yi shawara da kowa ba, an mayar wurin ɗaukar hoto. Kuma a bazarar da zafi ke haura digiri 40, in an ɗauke wuta da dare, ina za a fita da tabarma? Intalok yini yake yana haɗiyar rana, sai bayan isha ya fara amayar da ita. Kwanon rumfar ma haka. Iyali na ciki suna fifita da murfin tukunya, ciyawa na waje a lulluɓe tana hutawa.

Wanda ya taɓa shiga Gidan Makama da tsakar rana ya san abin da kaurin bangon ƙasa da rufin azara suke yi wa zafi. Ban ce a koma tubali ba, ni ma gidan bulo nake haya. Amma masu ginin nan sun san zaure, sun san inuwa, sun san a yayyafa wa ƙasa ruwa da yamma ta yi ƙamshi ta yi sanyi, a ajiye randa a gindin itace. Ita kanta darbejiyar baƙuwa ce, daga Indiya asalinta, zamanin Turawa ta shigo, amma ta zauna da mu lafiya har kowane gari ya raɗa mata suna: nan darbejiya, can dogon yaro, wasu maina, wasu bedi. Ta ba da asuwaki, ta ba da ganyen wankan mai zazzaɓi. Sakayyarta gatari. In ka tambaya a ce saiwarta na fasa katanga, ko tsuntsaye na ɓata mota, ko ana jin motsi a kanta da dare. Yanzu a sababbin unguwanni aljanu ma haya suke nema.

Kuma rashin tsakar gidan nan ne fa ya sa ba a iya wucewa ta layi ranar Asabar. Duk wanda ya cinye filinsa da gini, ranar da matarsa ta haihu sai ya tuna akwai titi. Tun asuba a kafa kanofi uku, a gicciya benci a bakin layi nan, a gicciya a bakin layi can, a ɗora wa wani yaro mai jar hula sarautar hana wucewa. Makon jiya na ɗauko tsohuwata daga asibiti a adaidaita sahu, muka tarar an rufe layinmu, muka zaga na baya, walimar sauka, muka zaga na uku, kamu, da mai kiɗa da lasifika shida. Mai adaidaita ya ce shi nan ya tsaya, sai dai a ƙara kuɗi. Tsohuwa da ledar magani ta sauka ta ratsa tsakiyar mata masu anko tana ba da haƙuri, ita ce mai ba da haƙuri, wata har tana harararta don ta taka gefen darduma. In ka yi magana a ce ba ka son zumunci, ai yini ɗaya ne. Yini ɗaya ne gare ka, Alhaji. Layin yana da gida arba'in, kowane gida ana haihuwa, ana aure, ana sauka, ana dawowa daga Makka. Ban san ranar da aka raba gadon titin aka ba kowa ƙofar gidansa ba, ni dai ba a kira ni ba. Kuma sai an kwashe kanofin ka ga ramukan da aka fasa don kafa ƙarafa, da robobin lemo, da shinkafar da aka juye a kwata, a bar wa akuyar nan mai mutunci.

Shayin dai ba a sha shi a lambu ba. Mun gwada, minti biyar a ƙarƙashin kwano, ledar kujera ta manne mini a baya, gefen da na zauna kuma daidai murfin sokawe ne. Taubashi da kansa ya ce mu ɗan fita mu sha iska. Aka mayar da tampol, aka danne da duwatsu, muka ɗauki butar shayi da tabarma muka fita ƙofar gida, muka tsallaka, muka zauna a dakalin wani tsohon maƙwabcinsa, ƙarƙashin darbejiyarsa. Iska na kaɗawa, har gyangyaɗi ya fara ɗaukata.

Taubashi ya kurɓi shayi, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon rassan. Ya ce dama yana so ya samu dattijon su yi magana, in iska ta taso ganyen bishiyar nan har kan ciyawarsa yake zuwa.