Masu Jinyar Hanya

Sale, bawan gidanmu,

Saƙonka ya iso. Maganar fili ka bar ta yadda Kawu ya yanke, na rufin ɗakin Inna kuma na tura wa wanda ka sani. Aiki lafiya, tari ya tafi, mai gida ya ƙara kuɗin haya. Labari ya ƙare, sai abin da ya sa na ɗauki biro.

Na ji an ce sanyin bana ya hana ka alwalar asuba sai an ɗora maka ruwa. Allah sarki. Mu nan Miniyapolis a watan Janairu ma'auni yakan sauka digiri 20 ƙasa da sifili, gashin hanci ya daskare kafin ka rufe ƙofa, magariba ta yi tun wajen biyar saura. To a cikin wannan bala'in mutanen garin suke fito da kekuna su nufi daji. Ba aike aka yi musu ba, ba bashi suke gudu ba. Nishaɗi ne wai.

Keken ma sai ka gani. Faɗin taya inci 4 zuwa 5, wani kamfanin jihar nan mai suna Surly ne ya baza irinsa a kasuwa a 2005. Mutum zai sayi wannan ƙatuwar taya da kuɗin da zai aurar da kai, ya durƙusa a bakin hanya, ya sace iskar da hannunsa. Inda mai faci yake ba motarka 32, su 5 ko 6 suke bari, wai don tayar ta baje ta hau kan dusar ƙanƙara maimakon ta nutse. Ka gaya wa Ɗanlami mai faci kada ya nemi biza, yunwa ce za ta kashe shi.

Amma duk wannan somin taɓi ne. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda suke lallaɓa hanyar kamar mai jinya a gadon asibiti. Akwai wani dajin shaƙatawa a gefen gari, Theodore Wirth. In dusar ta zuba, sai wani bawan Allah ya bar matarsa da bargonsa, ya ja na'ura a baya yana danne ta, yana shafe ta. Sannan a ce kowa ya dakata, hanya tana hutawa, sai ta kwana ta yi tauri. Gari na wayewa a shiga tambaya: ya ta kwana? Ta yi ƙarfi? An ce jiya da rana ta ɗan yi laushi, Allah ya sawwaƙe. Wallahi na ga dattijo mai furfura ya tsuguna, ya cire safar hannu, ya dafa ta da tafinsa, ya girgiza kai. Saura kaɗan in ce masa Allah ya ba ta lafiya.

Cututtukanta kuwa an san su ɗaya bayan ɗaya. In sabuwar dusa ce, gari ce zalla, taya sai ta yi ta juyawa a wuri guda, ka sauka ka tura. In rana ta ɗan leƙo ta narke, ba a hawa sam, domin duk kwarin da ka bari da dare zai daskare ya zama tarkon na bayanka. In ta narke ta sake daskarewa, an shiga uku: ƙanƙara ce sumul, sai mai taya mai ƙusoshi. E, ƙusoshi. Ɗaruruwa, a jikin taya, kuma saye ake yi. Kai da kake tsine wa ƙusa guda a hanyar Kurna, ka ji inda ake biyan dala a dasa ta. Doka kuma ita ce, in tayarka ta bar sawun da ya fi inci 1, ka ƙara rage iska, in bai yi ba ka koma gidanku.

Babban mai laifi a wajensu shi ne mai tafiya da ƙafa, wanda zai bi hanyar yana huda ta da takalmi. Ba sa zagi, ka san su. Murmushi za su yi masa mai sanyi, su bi shi da bayani har ya gwammace mari.

Na san abin da ke bakinka. E, na saya, na hannu, har da wasu jakunkuna da ake ɗaurawa a hannun keke a zura hannuwa ciki. Maƙwabcina ne ya ja ni. Mutumin nan tun da na tare ɗaga hannu kawai muke yi, ban san muryarsa ba. Ranar da ya ga keken a ƙofata ya tsaya muka yi hira har ƙafafuna suka mutu, duk a kan iskar taya. Bai tambayi iyali ba, bai tambayi gajiya ba, amma hira ce, na karɓa hannu bibbiyu. Yanzu ranar Asabar tare muke fita. Makon jiya da kaina na tare wani mai kare na yi masa wa'azin sawu, da murmushin da komai. Da ka ga ɗan Gwaggonka, da ka yi tafi.

Yana ta zuga ni wai akwai wata gasa a ƙarshen Janairu, Arrowhead 135, daga International Falls a bakin iyakar Kanada, mil 135 cikin daji, kusan Kano zuwa Kaduna, kowa da jakar barcinsa da risho a kan keke. Na ce masa ina da iyaye.

Kuɗin shara kada ma ka tayar, sun tafi a ƙusoshi. In Alhaji zai taso ka ba shi yaji da kilishi, ban da wanda ka ɗanɗana. Hoton da na turo maka ina tsaye da keke a fili fari fat, tafki ne a ƙarƙashina. Inna ta ji wannan, to daga bakinka ne, kuma za mu haɗu.

Ubangidanka,
Habu