Kukan Gaban Babur In An Taka Birki

Ƙarar da gaban babur ke yi in an kama birki iri-iri ce, kuma kowace da mai laifinta. In ƙii ce siririya mai tsinka kunne, galibi ƙura ce ta shiga, ko fatar birki ta yi santsi. In kuwa gurzar ƙarfe da ƙarfe ake ji, fatar ta cinye tun tuni, mai babur ne bai samu labari ba.

Mai wuyar sha'ani ita ce ƙwas ɗin nan guda ɗaya. Don gano mai laifinta, ana riƙe birkin gaba, a riƙa tura babur gaba da baya, yatsa na kan wuyansa. In wuyan na motsi, boris ne ya saki, sai a ɗaure ko a sauya. Sau da yawa kuma, bayan an kwance rabin babur, sai a tarar notin madigadi ne ya kwance.

Ƙarar tana da kunya, ba ta fitowa a gaban bakanike. Wasu 'yan acaba sun samo mata magani mai araha: sun daina taɓa birkin gaba, sun bar wa na baya da tafin silifa aikin.